Bango Uku, Ba Rufi

Zuwa ga Baba Ɗanmusa, mai filin shawara,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, don Allah Baba ka ba ni aron hankalinka, ka fitar da ni daga duhun da na shiga. Na rasa wanda za ni gaya wa damuwata a garin nan, shi ya sa nake kai kuka ga mutumin da ban taɓa gani ba, wanda jaridarsa ma sai ta tsufa a jakar ɗan aike kafin ta iso mu.

Ni malamin elemantare ne a wani gari tsakanin Isa da Sabon Birni, ka yafe mini faɗin sunansa. Mutumin Gummi ne ni, aiki ya jefo ni Gobir. Matata tana wurin iyayenta tun da ta tafi haihuwar fari, ni kuwa aka ba ni ɗaki a gefen makaranta, can bayan gari, maƙwabtana gawo da tsuntsayen da ke kwana a kansa. Amma da farko ban san kaɗaici ba. Akwai wani dattijo, Na'Allah, shi ne babban maginin garin. Mahaifiyarsa, tsohuwa Tasalla, ta ɗauke ni tamkar jika. Kullum da almuru akushin tuwonta na isowa, da safe kuma ni da kaina nake mayarwa, in durƙusa in gaishe ta, ta yi ta yi mini tsiya wai wannan miji nata na boko ko malmala guda ba ya iya gamawa. Daga nan in fito zaure mu taɓa hira da Na'Allah kafin a buga ƙararrawa.

Makarantarmu ɗakuna biyu gare ta. Aji huɗu, wanda nake riƙe da shi, a rumfar zana yake, alhali su ne yaran da za su rubuta jarrabawar shiga makarantar Midil a Sakkwato. In hadari ya taso sai mu kwashi allo da alli mu ruga. Littattafan karatunmu rabi gara ta cinye, sauran kuwa kan yara biyar ke haɗuwa a kan guda, wani ma a juye yake karantawa. Da aka aiko daga sama cewa in gari ya kawo tubali za a ba da kuɗin azara da ƙofa da benci da littattafai, na yi murna kamar an yi mini bushara da ɗa. Bayan kaka na bi gida gida ina roƙon a yi gayya. Mutanen nan ba son boko suke ba, Baba, wasu ma gani suke an ƙwace musu masu kiwo. Na'Allah ne ya tsaya mini. Ya tambaye ni a gaban dattawa ko na tabbata ɗakin karatu za a gina, na ce na tabbata, har na rantse.

Aka yi gayya irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Jakuna na ɗauko ruwa daga gulbi, samari na kwaɓa ƙasa, mata na dama fura, maroƙi na zuga su. Tubali ya cika fili yana shan rana.

Ana nan sai ga Baturen da ke zagayen makarantu. Ya ga tubali ya ji daɗi, ya shiga auna ƙasa da taku. Ashe shi wani abu ne a ransa. Akwai wani wasa da suke yi a makarantarsu ta can ƙasarsu, ana buga 'yar ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ta dawo a sake bugawa. Ya ce a manyan makarantu ana yinsa, yaran ƙauye na zuwa ba su iya ba ana yi musu dariya, kuma yaron da bai motsa jikinsa ba kansa ba ya ɗaukar karatu. Ya ce rumfa za ta iya ƙara shekara, a fara gina wurin wasa. Babban malaminmu, Malam Maliki, ya ce to. Ni ina tsaye, hula a hannu, bakina ya yi nauyi. Kuɗin azara da littattafai suka tafi ga siminti, aka ɗauko shi tun daga tashar jirgi a Ƙaura Namoda.

Abin da ya fi ci mini rai, Na'Allah ɗin aka sa ya gina. Ni da Malam Maliki kowa ya bar wa ɗan'uwansa ya yi masa bayani, ba wanda ya yi. Dattijon ya tayar da bango uku dogaye, aka shafe su da siminti har ƙasa, ya yi ta tambayar yaushe za a tayar da na huɗu a ɗora azara. Sai da aka ce masa ai aiki ya ƙare. Ya dube ni, ya ɗauki kayan aikinsa ya tafi.

Fatake masu ƙetarawa Maraɗi har tsayawa suke su kalli ginin. Sun ce sun yi yawon ƙasar Faransa ba su taɓa ganin ɗakin da ba ƙofa ba rufi ba. Yanzu a kasuwa in mutum ya yi alkawarin da ba zai cika ba, sai a ce ɗakin malam ne.

Duk da haka akushi bai daina zuwa ba, ni ma na ci gaba da mayarwa, ko da yake hirar zaure ta koma gaisuwa kawai. Sai na ƙara kwaɓa al'amarin da hannuna. In yara sun watse da yamma wurin kan yi tsit, ɗakina ya yi mini faɗi, ba wasiƙa daga gida, ba mai sallama. Wata rana na tsinci ƙwallon a ƙasa na buga wa bango, ta dawo, na sake bugawa. Wallahi Baba, na ji sanyi a raina, domin na daɗe ban jefa wani abu an mayar mini ba. Na mai da shi al'ada. Ashe masu dawowa daga gona suna ganina. Kafin Juma'a gari ya ɗauka cewa dama ni nake son abin wasana, na yaudari mutane da sunan karatu suka yi mini bauta. A ƙofar masallaci na miƙa wa Na'Allah hannu, ya ba ni kan yatsu, ya ce ya ji an ce na ƙware a ƙwallo.

Washegari na ɗauki akushi za ni mayar, na kai bakin lungunsu, na kasa shiga. Na juyo da shi. Tun daga ranar tuwo bai sake zuwa ba. Akushin na nan a kan tagata, na wanke shi, ina kallonsa yana kallona. Gero nake jiƙawa in sha. Ba yunwar ce ta dame ni ba, a wuni ba na jin an kira sunana sai in yaro zai nemi izinin fita.

In faɗi gaskiya, yara na son wasan, har waɗanda da sai an kamo su daga bayan awaki yanzu da sassafe suke zuwa. Amma ga damina ta ƙarato, aji huɗu na rumfa, littafi bai ƙaru ba. Na rubuta takardar neman a canja mini gari, ban aika ba tukuna. Matata Kadijatu kuma ta aiko tana tambayar yaushe za a zo ɗaukarta. In kawo ta garin da ake nuna mijinta da baki? In tafi ne, Baba, ko in zauna? Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka.

Naka,
Baƙo a Gobir

*

Ɗana Baƙo,

Na karanta takardarka, na ji tausayinka, na kuma yi dariya a wurin bango na huɗu, ka gafarce ni. Yanzu zauna mu yi magana.

Baturen nan ba hauka ya yi ba. Kai da bakinka ka ce yaran da ake farauta a bayan awaki yanzu suna zuwa da ƙafarsu, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ake ɓoye yaro a rumbu in an ji mai ɗaukar 'yan makaranta ya shigo gari. Wasa na da hakkinsa a makaranta. Inda aka yi kuskure shi ne an fara da na baya. Yaron da ruwa ke kora daga aji rufi yake bukata kafin ƙwallo, kuma gumin talakawa da aka roƙa don abu kaza bai kamata a juya shi ga wani abu ba tare da an gaya musu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, baƙon kwana ɗaya bai sani ba. Mutanen garinku suna da gaskiyar yin fushi.

Amma ka lura, sun ga bango uku, sun yi maka ba'a, tuwo bai tsaya ba. Ashe ba ginin ne ya raba ku ba. Dattijo ya sa mutuncinsa jingina a kan rantsuwarka, ya gama aiki bai ji daga bakinka yadda aka yi ba, har yau kuma bai ji ba. Da ka yi shiru, gari ya ba da labarin a madadinka. Buga ƙwallonka ba laifi ba ne, kewa ce, amma wa ya san haka in ba ni da ke nesa ba?

Takardar canjin gari, ajiye ta. In ka tafi yanzu, ɗakin malam zai zama sunanka har a bakin jikokinsu, malamin da zai biyo bayanka kuma ba zai ƙara samun ko tubali ɗaya ba.

Ginin nan kada ka dube shi da ƙiyayya. Bango uku na siminti da daɓe mai kyau sun fi rumfar zana nesa ba kusa ba. Ka nemi yardar Malam Maliki, ka shafa baƙin fenti a gefe guda ya zama allo, ka shigar da aji huɗu da safe, da yamma a bar wa ƙwallo. Rufi kuwa, ko na kara da zana ne a can sama, magini ne zai san yadda za a ɗora shi bai hana wasa ba, kuma ka san maginin. Sannan ku rubuta sama cikin ladabi, ku yi godiya, ku ce wasa ya jawo yara har wuri ya yi kaɗan, littafi ya kasa. Mutum ya fi saurin ba da abin da ya zama shaidar cewa dabararsa ta yi kyau.

Duk wannan na biyu ne. Na farko yana kan tagarka. Ka ce an daina aiko maka da tuwo. Ni abin da na gani a takardarka shi ne wani saurayi ya riƙe wa tsohuwa akushi, ya daina zuwa gaishe ta. Na san ba shi kaɗai ne akushinta ba, amma a wurinta mutumin da ya daina mayar da kwano ya ce ne ya ƙoshi da gidan. Mai yiwuwa yadda kake zaune kana cewa sun yar da kai, haka ita ma take zaune tana cewa mijinta na boko ya guje ta.

Zumunta a ƙafa take. Gobe da safe, kafin ƙararrawa, ka ɗauki akushin da hannunka, kada ka aiki kowa. Sa mata ɗan goro a ciki. Ka durƙusa ka sha tsiyar da za ta yi maka, za ta yi yawa, ka ci bashinta. Ka fito zaure ka gaya wa Na'Allah komai, har nauyin bakin da ka yi a gaban Bature, har dalilin da ya sa kake wasa da bango. Ba na yi maka alkawarin zai ba ka dukan hannunsa ran nan. In ya ba ka kan yatsu, ka karɓa, ka dawo jibi.

Kadijatu kuwa, aika a ɗauko ta kafin gulbi ya kawo. Tsohuwar da ta daɗe tana kiranka miji ba za ta iya daurewa ba ta zo ganin jaririn ba.

Allah ya sanyaya zukata, ya ba yaranka sa'ar jarrabawa, ya sa akushin nan ya dawo maka da nauyi.

Babanka,
Ɗanmusa