Kilo Huɗun da Suka Ɓace

Asabar, 1 ga Maris

Mijin Auta ya zo da rana ɗauke da takalma a kwali. Wai nawa ne. Wai za mu hau dutse, kwana biyu a tanti, ni da shi da Auta. Shekara shida yana auren 'yata, ko shayi bai taɓa zama ya sha da ni ba, yau shi ne da "Baba, iskar can za ta yi maka daɗi." Ruwa ba ya tsami banza.

Ya ce in fara sa su tun yanzu, don sabon takalmi a kan dutse shi ke fasa ƙafa. Na ce to. Na tura su ƙarƙashin gado.

Talata, 4 ga Maris

Na gano bakin zaren. Auta ta zo gyara mini kicin, aka kira ta a waya, ta fita baranda. Ta manta tagar banɗaki a buɗe take. Da kunnena na ji: "In ya kasa, magana ta ƙare, ya tattara ya dawo wurinmu. Tun faɗuwar nan tasa hankalina bai kwanta ba."

Faɗuwa ɗaya tak! Ita ma santsin tayil ne. Ashe jarrabawa aka shirya mini, in na faɗi a raba ni da gidan da na zauna da mahaifiyarta shekara talatin da huɗu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Kuma na san wanda ya kitsa, ita ba ta da wannan dabarar.

Na ciro takalman.

Alhamis, 6 ga Maris

Kasuwa da dawowa a cikin takalman, sau biyu. Diddigen hagu ya tashi. Ba wanda zai ji.

Lahadi, 9 ga Maris

Mai Tanti (sunan da na raɗa masa ke nan) ya zo da takarda shafi biyu, ya zazzage jakata a tsakar falo kamar jami'in kwastan.

Kifin gwangwani shida da na saya, ya ture biyar, wai nauyin banza ne, ruwa da ƙarfe kawai zan ɗauka. Ya kawo gyaɗa, dabino, taliya da garin madara. Safata ta auduga ma ya hana, wai tana riƙe gumi, sai ta ulu, kuma a tafi da ƙari. Ashana a cikin leda. Kaya masu nauyi su jingina da baya, rigar ruwa a sama inda hannu zai kai da sauri. Usur a wuya. Duk na rubuta, amma kowanne sai na juya shi na duba inda tarkon yake.

Sai ya ɗaga butar shayin marigayiya matata, ta ƙarfe.

"Baba, ina da ƙaramar tukunya, ba ta da nauyi ko kaɗan."

Na ce inda na je, nan butar za ta. Ya kalli Auta, ya mayar da ita jaka. Shirun nan nasa shi na fi tsana.

Laraba, 12 ga Maris

Na kafa tantin a tsakar gida, don ya ce kada ranar farko ta zama a daji. Minti arba'in. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko an kore ni daga ɗaki ne. Saura kaɗan, in ji ni a zuci.

Ƙa'idar masu hawa dutse, jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mutum. Ni kilo sittin ne, tawa sha biyu ke nan. Na rataye ta a tsohon sikelina mai ƙugiya, sha biyu cif. Auta ta gani da idonta. Shekara talatin da ɗaya ina auna kaya a gidan waya, ban taɓa ƙara wa kowa giram ɗaya ba, ban taɓa ragewa ba.

Juma'a, 14 ga Maris

A gindin dutse ni da Auta muka shiga ofishin masu gadi, muka rubuta hanyar da za mu bi da ranar dawowa. Shi ya tsaya wurin mota, wai yana gyara igiyoyi.

Ina ɗaga jakata na san an taɓa ta. Takwas ce. Hannun nan ba ya ƙarya. A ido tana nan tim, amma kilo huɗu sun yi ƙafa.

Da muka tsaya hutu na zagaya bayan wani dutse na buɗe. Babu buta, babu babbar gorar ruwa mai lita biyu, babu ƙarafan tanti. An hura matashin iska an cusa a gurbinsu. Biri ya yi kama da mutum: a bar tsoho da ƙaramar gora, ƙishirwa ta kayar da shi a gaban 'yarsa, a ce ai ga shi nan. Na riƙa kurɓar ruwan kamar magani.

Abin da ban gane ba, duk inda muka tsaya sai Mai Tanti ya karɓi gorar ya cika mini. Kuma da la'asar, bayan na dawo daga tsinto itace, komai yana cikin jakata, har butar. Ya hana mu kafa tanti a busasshen rafi mai yashi mai laushi, wai in aka yi ruwa a sama, nan zai biyo. Wannan kam gaskiyarsa.

Asabar, 15 ga Maris

Na kama shi.

Da hantsi Auta ta gangara rafi ɗebo ruwa, na yi kamar na bi ta, na dawo ta bayan tanti. Ga shi a durƙushe, butar marigayiya a hannunsa, ya naɗe ta da rigarsa yana turawa cikin tasa jakar. Ba riga a jikinsa. Kafaɗunsa biyu sun yi ja, ta dama har ta sale.

Na ce, "Ɓarawo da rana tsaka?"

Ya zabura har murfin butar ya faɗi. "Baba, don Allah kada ta ji." Ya ce shi ya kawo shawarar tafiyar, don Auta ta riga ta sa an yi wa ɗakin baƙin gidansu fenti domina, ba ta jin maganar kowa, sai dai ta gani da ido. Ya ce nasa mahaifin, da suka ɗauke shi daga gidansa, ko shekara bai yi ba. Bai ƙarasa ba, ya sunkuya yana neman murfin.

Na ce ya mayar mini da kayana. Ya mayar. Na goya sha biyun, muka kama hawa. Kafin rabin awa numfashina yana fita da ƙara, Auta ta fara waiwayowa. A hutun farko ta matsa gaba ɗaukar hoto. Na ajiye jakar kusa da shi, na juya baya ina kallon wani tsuntsu. Na daɗe ina kallon tsuntsun nan.

Mun kai ƙololuwa da azahar. Ya dafa shayi a butar.

Lahadi, 16 ga Maris

Gangara ta fi hawa cin gwiwa. Ba wanda ya faɗa mini wannan, ko kuwa ya faɗa ban saurara ba.

Talata, 18 ga Maris

Auta ta zo. Ta zauna a kujerar mahaifiyarta tana murza zoben hannunta, ta ce, "Baba, ka yafe mini. Wanda ya hau dutsen can da kilo sha biyu a baya, ba ni da bakin cewa ba zai iya zama shi kaɗai ba."

Takwas ne. Ya zo har bakina. Shekara talatin da ɗaya. Na kalli mijinta, yana tsaye a bakin ƙofa, kafaɗa ɗaya a karkace, ya ƙura wa silin ido.

Na ce, "Ai ba wani nauyi."

Alhamis, 20 ga Maris

Na je wurin mai yankan makulli, na sa ya yi mini ɗaya na ƙofar gida. Ba don komai ba, tayil ɗin banɗakin nan har yanzu da santsi. Auta mantuwa gare ta, za ta yar.

Na sa a ambulan da man shafawa na kafaɗa. A bayan ambulan na fara rubuta Mai Tanti, na ga bai dace ba, na soke. Na rubuta ɗana. Gajere ne, ya fi saurin rubutuwa.