Farin Garin da Kika Aiko Mini

Briqueterie, Yawunde, 1975

Zuwa ga Madina, sanyin idona, yayyafin safiya, inuwar mangwaron da nake fakewa,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina sanar da ke kaina ya ɗaure, kuma ke kika ɗaure shi.

Kin tuna yammacin da na taso daga shagon Alhaji Ɗanmalam a Messa, na tarar kina suyar ƙosai a ƙofar gidanku? Na nuna miki silfat, shuɗin dutsen nan da manoman koko ke saya don feshi, busasshe ƙamas. Na ce da ruwa a cikinsa, kika ce ƙarya nake. Na ɗora shi a murfin gwangwani bisa garwashinki, na kifa kofin gilashi. Tururi ya taso, gilashi ya yi gumi, shuɗin ya gudu ya bar farin gari. Na ɗiga ruwa, launin ya dawo. Wayyo dariyarki ranar! Har ƙosai ya ƙone ba mu sani ba. Kika roƙi shuɗin dutsen guda, kika ƙulle a bakin mayafinki.

To, jiya sai ga goggonki Fanta da ƙullin hankici daga gare ki. Na kwance, farin gari ne. Kin gasa shi, Madina! Ba takarda, ba saƙon baki.

Me kike nufi, ya farin watana? Cewa kike na ƙone ki na bar ki fayau, tunda kika ji Alhaji zai tura ni sabon shagonsa na Ngaoundéré? Ko kin fitar da ni daga ranki ne, yadda wuta ta fitar da ruwan? Abokina Sule ya ce sallama ce. Goggo ta ce kira ne, wai jira kike in zo in mayar da launin. Wa zan gaskata? Na kasa ɗiga masa ruwa, na kasa zubarwa. Abinci ma sai dai in juya cokali.

Ranar Asabar Alhaji ke jiran amsata. In kin ce in zauna, wallahi zan zauna, ko da dako zan koma yi a kasuwar Mokolo. In kin ce in je Ngaoundéré in turo magabatana neman aurenki, yanzu jirgin ƙasa yana kaiwa can, hanya ba ta yi mini nisa ba. Amma ki faɗa da bakinki! Zan tsaya wajen famfon unguwa ranar Juma'a bayan la'asar. In kunya ta hana ki faɗa da Hausa, ki faɗa da Faransanci, zan gane.

Naki, ko kin karɓa ko kin ƙi, har ƙarshen numfashina,

Gali