A Waƙar Ƙanwata Na Ji Inna Ta Kama Sunana

Anti Hawwa'u, don girman Allah ki taimaka mani da shawara. Kwana shida ke nan ina kuka ina dariya, har maigidana ya fara yi mani kallon mai taɓin hankali.

Ni 'yar Ƙofa ce ta ƙasar Kusada, ina aure a Kankiya. Ni ce 'yar fari wurin Inna, kin kuwa san alkunyar iyayenmu: tunda na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Daga "ke" sai "waccan". In baƙo ya tambaye ta ina nake, sai ta nuna ni da haɓa. Ban taɓa ƙorafi ba, amma wallahi abin yana ci mani rai in na ji ta cika baki tana kiran ƙanwata Zuhura.

Zuhurar nan ita ce maganar. Shekara tara da suka wuce, tana makaranta a Katsina, ita da ƙawarta Sumayya da wata 'yar Tafashiya suka haɗa ƙungiyar hip-hop, waƙar nan da ake zuba magana kamar ana faɗa. Wai su Taɓarya Uku. Suka shiga situdiyo suka fitar da albam ɗinsu na farko, waƙa takwas. Kai, Anti! Da labari ya iso Kankiya ko gidan suna na daina zuwa, saboda habaicin dangin miji. Na hau mota har Ƙofa na wanke ta tas a gaban Inna, na ce ta zubar mana da mutunci, na kuma rantse da Allah kunnena ba zai taɓa jin wannan shirme ba. Inna tana tankaɗe, ko kai ba ta ɗaga ba.

Bayan shekara biyu Inna ta rasu. Ranar addu'ar bakwai Zuhura ta miƙo mani memori ƙulle a leda, ta ce akwai abina a ciki. Na ture hannunta. Tun daga nan tsakaninmu sai gaisuwar biki da ta mutuwa. Ƙungiyar ma ta watse, yanzu tana koyarwa a Kusada.

To, Talatar da ta wuce na shiga motar haya, direba ya saki wata waƙa. Maimakon ganga sai na ji lugude, taɓarya uku a turmi ɗaya, ana tafi a tsakani. Nan take na gane turminmu ne, don yana da tsaga a gefe, ƙararsa daban ce. Sai ga muryar Inna tana waƙar daka. Anti, sai ta kama sunana! Sunana na yanka, cikakke, har sau uku, tana cewa 'yarta ta fari mai tuwo ba gudaji, wadda ta riƙe gida lokacin da ciwo ya kwantar da ita. Daga nan Zuhura da ƙawayenta suka ɗora baitocinsu a kai. Na fashe da kuka har wata mai nono da ke gefena ta riƙe ni tana salati. Direba zai kashe, na roƙe shi ya maido daga farko.

Ashe da waya Zuhura ta ɗauki muryar Inna a tsakar gida ta kai situdiyo. Na gode wa Allah, na gode wa yarinyar da na zaga, har direban nan ya shiga addu'ata. Amma ga rantsuwata: ji na farko ba da sona ba ne, na biyu kuwa ni na roƙa. Kuma da wane ido zan kalli Zuhura in ce ta ba ni abin da na ture? In ta ce ta yar fa?

Taki,
Waccan, daga Kankiya

'Yar uwa, Allah ya jiƙan Inna. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ba zan ɓoye maki ba, sai da na share ido.

Maganar rantsuwa ita ce mai sauƙi. Addini ya tanadi kaffara: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, wanda ba shi da hali ya yi azumin kwana uku. Ki tuntuɓi malamin da kika yarda da shi ya tabbatar maki, ki sauke a makon nan. Kada ki mai da ita mafaka, don ba ita ta hana ki zuwa Kusada ba. Kunya ce.

Ba zan ce tsoronki na wancan lokaci banza ba ne. Yarinya mai waƙa a garinmu ba ta rasa masu yi da ita, kuma ke kika sha habaicin. Har gobe kina da damar ƙin irin kiɗan nan. Inda kika kuskure shi ne kin yanke hukunci ba ki saurara ba. Ki duba kuma ɓangaren Zuhura: kin zage ta a gaban uwa, duk da haka ta ƙulle maki abinki ta kawo. Wadda ta yi haka, da wuya ta yar.

Kada ki aika saƙon waya. Ki tafi da ƙafarki, ki ce kin ji, kin yi kuskure, kin gode. Ki tsaya nan, ban da tone-tonen wa ya fara. In ta huce a kanki ki jure, ta daɗe da abin a ciki. Sannan ki tambaye ta ko tana da asalin abin da ta ɗauka da waya, muryar Inna zalla. A ajiye shi wuri biyu ko uku, 'ya'yanku su ji kakarsu.

Abu na ƙarshe. Ina kyautata zaton Inna ta ga wayar nan a hannun Zuhura, ta kuma san inda muryar za ta. Abin da kunya ta hana ta faɗa a gabanki ne ta ba ƙanwarki ajiya. Shekara tara ke nan da ta kira ki, har sau uku. Ki tashi ki je ki amsa.

Allah ya kai ki lafiya, ya daidaita tsakaninku.

Anti Hawwa'u