Muryar Innata Tana Cikin Waya Mai Kumburin Batir

Tanti Rahama, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Innata ta rasu bara a garin Bana. Ba ni da hotonta na kirki, abin da ta bar mini shi ne muryarta. Ba ta iya rubutu ba, sai ta ari wayar maƙwabta ta aiko mini saƙon murya: gaisuwa, faɗa, yadda ake jiƙa saiwa idan yaro yana haƙori, wani lokaci ma tari kawai da kukan awaki kafin ta gane wayar tana ɗauka. Duk suna cikin tsohuwar wayata. Yanzu batir ɗinta ya kumbura har murfin ya ɗago.

Yayana Siddo, direba ne, ya yarda da manyan kamfanonin wayar nan fiye da yadda ya yarda da birkin motarsa. Ya ce in sayi sabuwa, wai komai yana ajiye a wurin kamfani, da na shiga asusuna zai sauko. Maigidana Kabiru kuwa ya ce duk ƙarya ce, da gangan suke ƙera waya ta mutu don a sayi wata, kuma abin da ka ba su ya zama nasu. Kullum suna musu a zaure, ni mai abin ba wanda ya tambaye ni.

Ga abin da yake ci mini rai. Gidanmu a bakin kogi yake a nan Gaya ta Nijar, rezon Malanbil, wato sabis ɗin waya na ƙetaren kogi a ƙasar Benin, ya fi namu ƙarfi, shi ya sa da lambar Benin aka buɗe mini asusun, kamar yadda duk unguwarmu muka yi. Da aka rufe gadar da ke tsakaninmu da Benin na daina sa wa layin kati, ya mutu. Kwanan baya na kira lambar, wani namiji ya ɗauka yana yaren Dandanci. Ke nan in kamfani ya aika lambar sirri, wurinsa za ta je? Siddo ya ce in ba mai gyara ya wanke wayar ta koma sabuwa. Ni dai zuciyata ba ta kwanta da kowa ba. Ina tsoron in rasa Inna sau biyu.

Taki, Marainiya a bakin kogi.

Amsa

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Inna. Zarginki yana kan hanya, kada ki bari a raina shi.

Siddo bai yi ƙarya ba, kamfanonin suna ajiya, kuma sau da yawa abin yana dawowa. Amma sai in an kunna ajiyar tun farko, kuma ba su san fuskarki ba, lamba suka sani. Lambar nan kuwa ta zama ta wani. Kabiru shi ma ya wuce gona da iri. Batir yana tsufa ko babu mugunta, kuma wanda ya ƙi ajiya ko'ina shi ne ya fi saurin yin asara.

Kada kowa ya wanke wayar nan, ko mai gyara ya rantse. Ki daina barin ta a caji ba kowa kusa, kumburarren batir yana iya kama wuta. Yau ɗin nan ki je da ita da kanki, ki tsaya a kansa ya kwafe saƙonnin cikin katin memuwar, ɗan katin ajiyar nan da ake sa wa waya, ki saurare su a wata wayar kafin ki tashi. Ki tura wa wata 'yar'uwa amintacciya ta riƙe. Sannan, tun wayar tana numfashi, a canza lambar asusun zuwa layinki na Nijar. Bayan haka ki sayi sabuwa, mazan su ci gaba da musunsu.

Abu na ƙarshe. Kati yana ɓacewa, kamfani yana canza doka bai yi sallama ba. Ki tara 'ya'yanki ki kunna musu, su ji yadda kakarsu take faɗa da yadda take sa albarka, har su riƙa kwaikwayonta suna ba ki dariya. Za ki yi kuka, ki yi abinki.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya raya zuri'arta.