Tuffar da Na Ƙi Aika wa Inna

Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki? Ya wajen ɗinkin? Ina fata Yaya tana kula da ke yadda ya kamata.

Na sauke tuffar bishiyar marigayi Baba, kwando uku, mai zaƙin nan da ɗan tsamin da ke sa ki runtse ido. Yaya ta rubuto min cewa tun da aka yi miki aiki kin daina cin abinci, kuma kin ce in aiko miki da guda biyu, wai ba lalle ki sake ganin gida ba. Maganar nan ta ƙona min rai, Inna, har na yi kuka. Ba zan aiko ko ɗaya ba. Ki ci abinci, ki miƙe, ki zo ki ci abinki a gindin bishiyar. Zan adana miki.

’Yarki,
Auta

Innata,

Ina gaisuwa, da fatan an samu sauƙi.

Na tafka wauta. Kin san ni da tsaftar tsiya. Na wanke tuffar tas, na goge, na zuba a kwando kusa da murhu. Kafin mako biyu, rabinta ya ruɓe. Mai kayan marmari na bakin titi ya yi min dariya har da riƙe ciki. Ashe ba a wanke ta sai za a ci, kuma guda ɗaya mai tabo tana lalata sauran.

Yanzu na naɗe kowace a takarda, na jera su a ƙasan ɗakin ajiya mai sanyi, babu mai taɓa ’yar’uwarta. Kullum da safe ina bin su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba marasa lafiya. Masu tabon na yanyanka na shanya. Saura arba’in da ɗaya.

An ce kin kira ni mai taurin kai. A wajenki na gada.

Taki,
Auta

Innata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ta ce kin shanye kofin madara, kin taka har bakin ƙofa don haushina, kina cewa sai kin zo kin ja min kunne. Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Ta ce likita ma ya yarda ki ci tuffa, har da ɓawonta, don tana gyara ciki.

Sai dai ki hanzarta. Saura shida, fatarsu ta fara tattarewa, amma ƙamshinsu ya cika ɗakin. Na share gindin bishiyar, na fito da kujerarki, na wasa ’yar wuƙar Baba. Ranar Asabar zan tsaya a tasha tun safe.

Kunnen yana nan, Inna. Ki zo ki ja.

’Yarki mai taurin kai,
Auta