Kifin da Baba Ya Juya

Wanxian, watan biyu

Zuwa ga 'yata Lanfen,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, keken ɗinkin masana'antarku bai cinye miki yatsu ba. Ki yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi, na ukun ma rabinsa a kogi na yi shi, ga shi kuma a kwance nake rubutawa.

Ubanki ya karye. Kada hankalinki ya tashi, ƙafa ce kawai, kuma ni na jawo wa kaina. Yayanki Guoping ya gayyaci maigidansa na kamfanin dakon kaya cin gasasshen kifi, ya ce in zo in cika tebur. Mutumin ɗan arewa ne, bai taɓa jiƙa ƙafa a kogi ba. Da muka cinye gefe ɗaya, na sa tsinken cin abinci zan zare ƙashi in kai ga naman ƙasa kamar yadda muke yi, sai ya ce, "Tsoho, ba a juya shi ne?" Guoping ya ce, "Yallaɓai, matuƙan jirgin ruwa ba sa juya kifi, wai jirgi zai kife." Suka yi dariya. Ni kuwa giyar dawa ta riga ta kai ni inda ba na son a ce mini baƙauye. Na ce, "Camfin tsofaffi ne," na juya kifin. Shekara arba'in hannun nan bai taɓa yi ba. Da yamma zan shiga jirgi, katakon hawa ya juya ni yadda na juya kifin.

Abokan ruwa sun zo dubiya. Tsoho Tan, wanda muka tsufa muna ƙwace wa juna fasinja, ya ce, "Fu, saura ka fara amsa sunan ubanka." Kin san a kan ruwa ba mai ce mini Chen, don ya yi kama da kalmar nutsewa. Fu suke cewa, mai tasowa sama. Na ce masa ko da ƙafa ɗaya na fi shi tuƙi.

Yanzu maganar gaske. Jan layin da ma'aikatan madatsar ruwa suka ja, iyakar inda ruwa zai kai, ya wuce saman kabarin uwarku. Kafin damina ruwa zai hau. Kin tuna alkawarin da ta sa na yi mata: a jirgina na ɗauko ta amarya daga tsallake, a jirgina zan mayar da ita kusa da iyayenta in ruwan ya zo. Likita ya ce wata biyu. Zan miƙe kan lokaci. Ki ce wa yayanki ya riƙa kwalfe jirgin, maganarki yake ji.

Ki ci abinci.

Ubanki, Tsoho Fu

Dongguan, watan uku

Baba,

Ina gaishe ka, ya jiki? Na karanta wasiƙarka na yi dariya, sannan na shiga bayi na yi kuka don kada shugabar layinmu ta gani. Ka haura sittin da biyar, Baba. Yau katako ne a bakin gaɓa, gobe tsakiyar kogi ne.

Na aiko da kuɗin magani. Na ji ana kwashe kaburbura da mota ta kan sabuwar gada, kuma da mutunci ake yi. Ka yi tunani. Gidan da za ka samu a kan tudu yana da famfo da taga mai kallon kogi.

Maganar jirgi kada ta dame ka, na yi magana da Yaya.

Ka kwanta, ban da giya.

'Yarka, Lanfen

Wanxian, watan huɗu

Lanfen,

Gaisuwa a taƙaice, yau ba ni da mai tsawo.

Jiya na dogara sanda na sauka matakalar tasha, gefe gefe kamar kaguwa mai ciwon baya. Inda nake ɗaure jirgi igiya kawai na tarar. Na ɗaga ido, ga shi can a ruwa, an shafe shi da koren fenti, an rataya masa fitilun takarda, cike da baƙi masu ɗaukar hoto. Sun zo kallon gari kafin ya nutse. Tan ke tuƙi. Da ya kawo gaɓa ya kalli ƙasa ya ce, "Ɗanka ya sayar mini, Fu. Na ɗauka da saninka." Ko tsokanata bai yi ba. Wannan ya fi karayar ciwo.

Kakana ya ja jiragen gishiri da igiya har kafaɗarsa ta yi kanta. Ubana ya yi dakon man tung, na shafe katako, zuwa jiragen Turawa, lokacin da garin nan ke warin mai da kuɗi. Ni na ɗauki lemo da aladu da 'yan makaranta, wani lokacin a tafiya ɗaya, kuma aladun sun fi ladabi. Kowane zamani ya zo ya ci wani abu a gidanmu, sojoji, yunwa, gada, madatsa. Amma duk ta ƙofa suka shigo. Ban taɓa zaton ɓarawon zai zama wanda ni na koya wa iyo ba.

Na rufe masa ƙofa. Yana kawo miya ina barinta a waje, kyanwar maƙwabta har ta yi wuya. Ke kaɗai kika rage mini, Auta. Ki rubuta masa, ki zage shi da manyan kalmomin nan da ban iya rubutawa ba.

Ubanki, Fu

Zuwa ga mahaifina mai girma,

Ina gaishe ka cikin ladabi. Tunda ba ka buɗewa, na turo wannan ta ƙarƙashin ƙofa.

Ni na miƙa wa Kawu Tan jirgin, ban musa ba. Amma na gaji da ɗaukar kayan mutum biyu. Ranar da wasiƙarka ta farko ta isa wurin Lanfen, ta bugo mini waya a wurin aiki. Ta ce, "Yaya, Baba ya juya kifi da hannunsa. Wanda ya yi haka ya gama da kogi, bakinsa ne bai faɗa ba. Ka sayar kafin ya miƙe." Na ce alkawarin Mama fa? Ta ce Mama ta riga ta tafi, ita uba ɗaya ya rage mata. Ɗakinsu ɗaya da 'yar Kawu Tan a can, ta nan aka yi ciniki. Kuɗin ya tafi cikon gidan kan tudu, ban taɓa ko yuan ɗaya ba.

An ce a gama kwashe kaburbura kafin wata mai zuwa ya ƙare. Miyar ta ƙashi ce, don ƙafarka.

Ɗanka mai biyayya, Guoping

Baba,

Ina gaishe ka. Yaya ya ce ya gaya maka. Gaskiya ne. Ba zan ce na yi nadama ba, don ban yi ba. Gara ka yi fushi da ni a kan tudu da in zo ana nemanka a ruwa. Ka amsa mini, ko da zagi ne.

'Yarka, Lanfen

Wanxian, watan biyar

Lanfen,

Ina amsawa. Zagi kike so, amma kin san ajina bai kai nan ba.

Labarin kifin don ki yi dariya na ba ki. Ban san wuƙa na wasa na miƙa miki ba. Da kin tambaye ni, da na ce ku bar mini tafiya ɗaya tak in tsallakar da ita, sannan ku sayar, ku haɗa da ni in an taya.

Na je wurin Tan na cire hula. Jibi da safe zai sauke fitilun takarda, ba zai ɗauki baƙi ba. Ya ce in tuƙa da kaina, na ƙi. Jirginsa ne. Zan zauna a bencin fasinja da tulun ƙasusuwan uwarku a cinya, in biya kuɗin mutum biyu. Da zan tafi ya ce, "Sai jibi, Fu." Na ce ba ni da jirgin da zai nutse, ya kira ni da sunan ubana.

Alkawarin a jirgina ne, ba a na Tan ba. In mun isa tsallake sai in zauna in yi mata bayani. Kin san halinta, ko tana da rai ba ta taɓa karɓar bayanina ba. Wannan bashin ban san ranar gama shi ba.

Na fara shan miyar yayanki. Gishiri ya yi yawa.

Ba sai kin zo ba. Ki ci abinci.

Chen Degui