Minti Uku a Fim ɗin Lorna

Birnin Kudu,
4 ga Maris.

Zuwa ga Goggona Azumi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da ke da mutanen Gwaram duka. Yaya ƙafar?

Goggo, baƙuwar ta zo ta tafi. Lorna sunanta, 'yar da mahaifiyata ta haifa a Amurka bayan ta bar Baba. Fim take yi a kan matan Filifin irin Mama, waɗanda suka zo koyarwa ƙasar nan, daga baya suka wuce Amurka. Hancinmu ɗaya da ita, har maƙwabta suka yi ta leƙe.

Ta kafa kyamara a tsakar gida, ga tafinta, ga maigidana, ga surukata a kan tabarma. Sai ta ce wai in faɗi sunan Mama, in faɗi ko ina kewarta. A gaban suruka, Goggo! Na sunkuyar da kai, na ja mayafi, na ce ba komai, ai ya wuce. Tarbiyyarki ce. Da suka tafi na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Amma ga albishir, Mama za ta zo bayan babbar salla. Shekara talatin da takwas ke nan rabona da ita. Har na sa an shafe ɗakin baƙi.

Ki gaida kowa.
'Yarki, Batulu.

Birnin Kudu,
19 ga Yuli.

Goggo,

Ina gaisuwa, da fatan damina ta same ku lafiya.

Fim ya fito, na kalla a waya, 'yata Kausar tana fassara mini. 'Ya'yan sauran matan da ke can kowacce ta sha kukanta, ta rungume hoton uwarta. Ni minti uku aka ba ni, kai a ƙasa kamar wadda aka kama da sata, muryar Lorna tana cewa wai ga 'yar da ta binne uwarta da rai. An ce har tafi aka yi mata.

Jiya Lorna ta aiko cewa Mama ta fasa zuwa, wai ba za ta takura wa wadda ba ta son ganinta ba. Na ɗauki kaina a waya, na kira sunan Mama ƙarara, na faɗi duk abin da ke raina, na tura mata. An buɗe saƙon, ba amsa.

Ki sa ni a addu'a.
Batulu.

Birnin Kudu,
2 ga Satumba.

Goggona,

Na gode da gaisuwarki, Allah ya ƙara miki lafiya.

Kin ce in yi wa Mama uzuri, fim ne ya ruɗe ta. Na yi ta juya maganar, ta ƙi shiga. Lorna baƙuwa ce, na yafe mata. Amma Mama shekara bakwai ta yi a garin nan. Ta koyar da 'yan mata ɗaruruwa masu sunkuyar da kai in an yi musu tambaya. Ke da bakinki kika ce ita ma ba ta taɓa kiran sunan Kaka, surukarta, ba. Ta san abin da ta gani sarai, Goggo. Hanyar fasawa take nema, fim ya ba ta.

Kada ki sake cewa in kira ta. Ina da shekara huɗu ta bar ni, aka ce dole ce ta sa. Wannan karon babu wanda ya kore ta.

Wassalam.
'Yarki, Batulu.